Sanƙo: Gashin da Magani Ke Iya Cetowa da Wanda Ya Riga Ya Tafi

A wani tsohon kundin magani na ƙasar Masar da ake kira takardar Ebers, wanda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai haɗin maganin sanƙo. A samo kitsen zaki, da na dorina, da na kada, da na kyanwa, da na maciji, da na akuyar dutse, a cakuɗa a shafa a kai. Fiye da shekara 3,500 ke nan, kuma wannan kasuwa ba ta taɓa yin kwantai ba. Yau ta koma Facebook da TikTok, inda za a nuna maka hoton kai fayau a hagu, suma cunkus a dama, a ce aikin kwana 21 ne. A duk cikin wannan hayaniya, magungunan da suka tsallake gwaji mai tsauri har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da su domin sanƙon gado guda biyu ne kacal: minoxidil da finasteride. Su ma ɗin sun fi gwaninta wajen riƙe gashin da ya rage a kan dawo da wanda ya ɓace.

Kan mutum yana ɗauke da gashi kimanin 100,000, kowanne da tushensa a wani ɗan ƙoƙo cikin fata. Gashi yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsiro, sai ya huta na kusan wata uku, ya faɗi, sabo ya fito daga wannan tushen. Shi ya sa zubar gashi 50 zuwa 100 a rana ba abin tada hankali ba ne. Abin da ke faruwa ga mai sanƙo daban ne. Tushen ba ya mutuwa farat ɗaya, tsukewa yake yi a hankali. Duk zagaye, gashin da zai fito ya fi na baya siranta, ya fi shi gajarta, launinsa ya fi kodewa, lokacin tsironsa kuma yana raguwa daga shekaru zuwa watanni. Idan ka sa wani ya haska maka fitilar waya a tsakar kai ya ɗauki hoto kusa-kusa, za ka ga gashi mai kauri tsaye kusa da wani siriri, kusa da wani kuma mai laushi kamar na jariri wanda sai an karkata haske ake ganinsa. Wannan gauraye shi ne alamar da likitan fata yake nema. Muddin siririn nan yana nan, tushensa yana raye, magani na iya kama shi. Inda fata ta shekara da shekaru tana sheƙi, santsi babu ko tsinke, ba a cika samun wani abin kirki daga shafawa ko haɗiya ba.

Mai tsuke tushen wani sinadari ne da ake kira DHT. Jiki yana sarrafa shi daga testosteron, sinadarin mazantaka, ta hanyar wani enzayim, wato sinadarin da ke sauya wani abu zuwa wani a cikin jiki, mai suna 5-alpha reductase. Abin mamaki, DHT ɗin da ke cinye gashin tsakar kai shi ne ke ƙara wa gemu da gashin ƙirji kauri, don haka ba a rasa ganin mutum gemu har ƙirji, kai kuwa tal. Kuma ba wai mai sanƙo ya fi sauran maza yawan testosteron ba ne, duk da masu sanƙon suna son a yarda da hakan. Tushen gashinsa na goshi da tsakar kai ne ya gaji saurin jin DHT. Na ƙeya da gefen kunne ba su cika jin sa ba, shi ya sa ko sanƙo ya kai maƙura, akan bar mutum da kewayen gashi a baya.

Wani masanin halittar jiki ɗan Amurka, James Hamilton, shi ya tabbatar da alaƙar sanƙo da testosteron a 1942. Ya bibiyi mazan da aka dandaƙe, ya ga waɗanda aka yi wa haka kafin balaga ba sa sanƙo, ko da iyayensu da kakanninsu duk masu sanƙo ne. Da aka ba su testosteron, masu gadon abin sai gashi ya soma zuba. Da aka tsayar, zubar ta tsaya, amma abin da ya tafi bai dawo ba. Tun daga wannan bincike aka ga iyakar kowane magani da zai biyo baya: tare ɓarna abu ne mai yiwuwa, gyara ta bayan ta auku shi ne jidali.

Batun gado kuwa, akan ce dubi kakanka na wajen uwa. Akwai ƙamshin gaskiya, domin ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin halittar da ke da hannu a lamarin yana kan abin da namiji ke gada daga mahaifiyarsa. Sai dai wani bincike da aka wallafa a 2017 a kan maza sama da 52,000 a Birtaniya ya gano wurare 287 a ƙwayoyin halitta masu alaƙa da sanƙo, daga ɓangaren uwa da na uba. Hula dai ba ta cikin lissafin. Mutum ya wuni da zanna bukar ko rawani, tushen gashi daga jini yake samun iska da abinci, ba daga sarari ba. Yawan aski ma ba ya ƙara gashi, ba ya rage shi.

Kafin a kai ga sayen komai, sai an tabbatar sanƙon gado ne. Shi yana da tsari: ga namiji yakan fara cin kusurwoyin goshi biyu da tsakar kai, har su haɗe. Ga mace yakan bar gaban goshi, sai tsagar tsakiya ta yi ta faɗi. Idan kuwa gashi ya zube a wuri guda, zagaye kamar kwabo, fata sumul, wannan wata cuta ce da garkuwar jiki ke afka wa tushen gashi, maganinta daban. Idan yaro ne, ga ƙaiƙayi da ɓawo, makero ne, ƙwayar kashe fangas yake buƙata. Mai jego da gashinta ke fita dunƙule-dunƙule wata uku bayan haihuwa, ko wanda ya tashi daga zazzaɓin taifot mai tsanani, yawanci nasu yakan dawo da kansa cikin watanni. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna zubar da gashi, kuma gwajin jini ne ke nuna su.

Minoxidil asalinsa maganin hawan jini ne mai tsanani. Kamfanin Upjohn ya fitar da ƙwayarsa da sunan Loniten a 1979, sai aka lura masu sha gashi yana tsiro musu a goshi, kumatu da bayan hannu. Aka mayar da shi ruwan shafawa, aka amince da shi a 1988 da sunan Rogaine, mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, daga baya aka fito da mai kashi 5, sannan na kumfa. Ba ya taɓa DHT ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya tayar da tushen da ke hutu, ya tsawaita lokacin tsiro, ya ɗan ƙara wa gashin kauri. Ana shafa mililita 1 a busasshiyar fatar kai sau biyu a rana, a fata fa, ba a kan gashi ba, sannan a wanke hannu.

Akwai abin da ke sa mutane da yawa su jefar da kwalbar tun ba a je ko'ina ba. Cikin makonnin farko, daga na biyu zuwa na takwas, gashi kan ƙara zuba. Mutum ya ga matashin kai da mataji sun cika da gashi, sai ya ce wannan ai guba ce. Alhali tsofaffin gashin da dama suke shirin faɗuwa ne sabbi ke turowa waje. Ba a fara ganin canji sai bayan wata 3 zuwa 6, hukunci na gaskiya kuma sai an shekara. Ba kowa yake yi wa aiki ba, domin sai wani enzayim da ke cikin tushen gashi ya sarrafa shi kafin ya zama magani, wasu kuma nasu kaɗan ne. Waɗanda ke samun tsiro mai gamsarwa ba su kai rabi ba. Sauran ko dai zubar ta lafa, ko babu wani canji. Na ruwan yakan jawo ƙaiƙayi da amosani saboda wani sinadari da ake narka shi da shi, na kumfa ya fi sauƙi a nan. Mai kyanwa a gida ya kula, ɗan kaɗan da ta lasa daga hannu ko matashi yana iya kashe ta.

A 'yan shekarun nan likitocin fata sun dawo da ƙwayar minoxidil ta haɗiya, amma a ƙaramin awo ƙwarai, ƙasa da wanda ake ba mai hawan jini, ga waɗanda shafawa ta gundura ko ba ta yi musu ba. Tana aiki, amma maganin zuciya ne da jijiyoyin jini: tana iya kawo bugun zuciya da sauri, jiri, kumburin ƙafa, gashi a fuska da jiki, a wasu lokuta ƙalilan ma taruwar ruwa a kewayen zuciya. Wannan ba abin da za a aiki yaro kemis ya sayo ba ne.

Labarin finasteride ya fi ban mamaki. A 1974 wata likita, Julianne Imperato-McGinley, ta wallafa bincike a kan wasu iyalai a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika, inda ake haifar yara ana zaton mata ne, sai a lokacin balaga siffar maza ta bayyana. An gano jikinsu ba shi da isasshen enzayim ɗin nan mai yin DHT. Da suka girma aka ga abu biyu: furostet ɗinsu, wato tsokar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ba ta girma, kuma ba sa sanƙo. Kamfanin Merck ya bi wannan sawu ya ƙirƙiro ƙwayar da ke toshe enzayim ɗin. A 1992 ta fito da sunan Proscar, miligiram 5, domin dattawa masu kumburin furostet. A 1997 ta fito da sunan Propecia, miligiram 1, domin sanƙo.

Ƙwaya ɗaya a rana tana rage DHT na jini da kusan kashi 70 cikin 100. A manyan gwaje-gwajen da aka yi da maza 1,553 masu shekara 18 zuwa 41, bayan shekara biyu kashi 83 na masu shan maganin yawan gashinsu bai ragu ba, a ɓangaren masu shan ƙwayar da babu magani a cikinta kuwa kashi 28 ne kawai. Kimanin biyu cikin uku an ga ƙarin gashi a hotunansu. A ganina wannan shi ne ginshiƙi ga namiji, tunda shi ne ke taɓa musabbabin. Minoxidil taimako ne. Haɗa su biyun ya fi kowanne shi kaɗai. Finasteride ya fi aiki a tsakar kai, kusurwoyin goshi sun fi taurin kai.

To amma a nan ne maganar take da nauyi. A waɗancan gwaje-gwaje, kashi 3.8 na masu sha sun yi ƙorafin raguwar sha'awa, raunin gaba ko raguwar maniyyi, idan aka kwatanta da kashi 2.1 na ɗaya ɓangaren. Tazarar ba ta da yawa, kuma akasarinsu sun warware da suka daina, wasu ma suna ci gaba da sha. Sai dai akwai mazan da suka ce matsalar ta zauna musu bayan sun bar maganin, har FDA ta sa aka ƙara wannan a takardar gargaɗi a 2012. A 2025 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar cewa tunanin kashe kai yana cikin illolin da ka iya biyo bayan shan sa, ta ce duk wanda ya ji yanayinsa ya sauya ya dakata ya ga likita. Masu talla kan share wannan gaba ɗaya, masu tsoratarwa a intanet kuma su mayar da shi kamar kowa zai faɗa. Dukkansu ba su kyauta ba. Yawancin masu sha lafiya lau suke, amma mai fama da ciwon damuwa, ko ango da ke neman haihuwa kuma an ce maniyyinsa da rauni, dole ya zauna da likita tukuna. Mace mai juna biyu ba ta sha, ba ta ma taɓa ƙwayar da ta fashe, domin tana iya lahanta al'aurar ɗa namiji a ciki. Wannan ya shafi masu sayen ta miligiram 5 suna rabawa huɗu da reza don sauƙin kuɗi: kada garin ya zube inda uwargida ke aiki. Mai sha ba ya ba da jini sai ya yi wata guda da dainawa. Dattijon da za a yi wa gwajin PSA na furostet ya faɗa wa likita, saboda maganin yana rage sakamakon da kusan rabi, yana iya ɓoye cuta.

Akwai ɗan'uwan finasteride mai suna dutasteride, wanda ya fi shi ƙarfi, yana rage DHT da sama da kashi 90. Koriya ta Kudu ta amince da shi domin sanƙo a 2009, Japan a 2015. Yakan daɗe a jiki na watanni, don haka idan illa ta zo, ita ma ba ta saurin tafiya.

Dukkan magungunan nan kamar ban ruwa ne a noman rani: ranar da ka kashe inji, shuka ta fara lissafin kwanakinta. Wanda ya bar minoxidil, cikin wata 3 zuwa 6 abin da ya samu zai zube. Wanda ya bar finasteride, cikin shekara guda zai koma inda da zai kasance da bai taɓa sha ba. Saurayi ɗan shekara 25 da zai fara, ya san hidimar shekaru ya ɗauko, ya lissafa kuɗin wata sau goma sha biyu, ya duba ko aljihu zai jure. Ya kuma duba lambar NAFDAC idan a Najeriya yake, don jabun minoxidil ya cika kasuwar intanet tun da samari suka fara shafa shi a haɓa suna neman gemu.

Ga mata, minoxidil ne kan gaba, kuma likita kan ƙara da spironolactone, wani maganin hawan jini mai rage tasirin sinadaran maza, wanda shi ma ba ya haɗuwa da ciki. Idan sanƙon ya zo tare da gashin haɓa, ƙuraje da rikicewar al'ada, sai a binciki ƙwan mahaifa. Amma a wajenmu, abin da ya fi cinye gaban goshin mata ba gado ba ne, ja ne. Kitso ƙanana da aka ɗaure tamau har gira ta ɗaga, ƙarin gashi mai nauyi, ga rilaksa a kan gashin da dama ya gaji. Idan an tashi daga wajen makitsiya kai na zafi, ƙananan ƙuraje sun feso a bakin goshi, sai an sha maganin ciwon kai kafin a yi barci, to tushen gashi ne ke kuka. Da wuri, sassautawa kawai ta isa ya dawo. Idan aka shekara ana yi, wurin ya zama tabo, babu man da zai tsirar da shi. Akwai kuma wata cuta da ta fi kama mata baƙar fata, mai farawa daga tsakar kai tana bazuwa, tana barin tabo, wani lokaci da zafi ko ƙaiƙayi. Ana yawan ɗaukar ta a matsayin sanƙon gado, alhali maganin kashe kumburi take buƙata da gaggawa.

Sauran abubuwan da ake tallatawa ba sa buƙatar dogon bayani. Tsattsaga fatar kai da ƙananan allurai ya nuna alfanu a wani gwaji da aka yi a Mumbai a 2013 da maza 100, amma tare da minoxidil aka yi, kuma mai fatar da ke yin tabo mai tudu ko mai ƙurajen ƙeya ya nisance shi. Allurar ruwan jinin mutum da aka tace a mayar masa a fatar kai, da hular haske mai ja, suna da 'yar shaida, suna da tsada, sakamakonsu kuma bai da tabbas. Man rosemary ya yi suna ne saboda gwaji guda a Iran a 2015, da mutum 100, inda aka gwada shi da minoxidil mai rauni, ba mai kashi 5 ba. Ruwan albasa kuwa, ƙaramin binciken da ake jingina shi da shi an yi shi ne a Iraƙi a kan waccan cuta mai zagaye kamar kwabo, ba sanƙon gado ba. Man kaɗanya, man kwakwa, man zaitun, karkar da garin shebe na matan Chadi suna laushi da gashi, suna hana shi karyewa, shi ya sa yake tsawo. Wannan amfani ne na gaske, amma ba ruwansu da DHT. Ƙwayar biotin ba ta ƙara komai ga wanda ba shi da ƙarancinta, tana ma iya rikita gwajin jini na zuciya da na maƙoƙo.

Saura dashe. Wani likita ɗan Japan, Shoji Okuda, ya bayyana dabarar tun 1939, amma yaƙin duniya ya binne aikinsa. Norman Orentreich na birnin New York ne ya nuna a 1959 cewa gashin ƙeya idan aka mayar da shi goshi yana riƙe halinsa na asali, ba ya jin DHT. A yau ana yi ta hanya biyu: ko a yanko siririyar fata daga ƙeya a rarraba ta a ɗinke wurin, ko a bi da wani ɗan ƙarfe mai faɗin kusan milimita ɗaya ana ciro tushe ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗan ƙulli yana ɗauke da gashi 1 zuwa 4. Mutum yakan wuni a kwance, an kashe masa fatar kai da allura, ana tsaga ƙananan ramuka ana cusa dubu biyu ko uku. Bayan makonni kaɗan gashin da aka dasa ya zube, hankalin mutum ya tashi, sai a wata na uku ko na huɗu ya fara fitowa, kammaluwa kuma sai an shekara.

Dashe ba ya ƙirƙirar gashi ko ɗaya, kwasowa yake daga baya ya kai gaba, kuma abin da ke ƙeya yana da iyaka. Wanda aka kwashe ba ya sake fitowa a can. Birnin Istanbul na Turkiyya ya zama matattarar wannan sana'a saboda sauƙin farashi, akwai ƙwararru, akwai kuma wuraren da likita zai leƙo ya gaisa ya fita, ma'aikata su yi aikin duka, su kwashe ƙeya har ta yi faci-faci. Ga mai gashi irin namu akwai ƙarin abin lura: gashinmu ba a waje kaɗai yake murɗewa ba, tushensa ma a lanƙwashe yake cikin fata, don haka miƙaƙƙen ƙarfe a hannun wanda bai saba ba yakan datse shi ya lalata. Murɗewar dai tana da riba, gashi kaɗan yakan rufe wuri mai faɗi. Sai mutum ya nemi ganin hotunan baƙar fata da wannan likitan ya yi wa aiki da hannunsa, ya kuma faɗi idan jikinsa na yin tabo mai tudu.

Kuma dashe ba ya tsayar da sanƙo. Gashin da aka dasa zai zauna, na asali da ke bayansa zai ci gaba da tsukewa, sai a wayi gari da tsibirin gashi a goshi, bayansa fili. Shi ya sa likitocin kirki ba sa gaggawar yi wa ɗan ƙasa da shekara 25, kuma sukan nemi mutum ya fara shan magani ya ga zubar ta lafa kafin a taɓa shi, ya kuma ci gaba bayan an gama. Ɗan ƙwallon Ingila Wayne Rooney ya sanar da duniya dashensa a 2011 yana ɗan shekara 25, a 2013 sai da ya koma aka ƙara masa wani.